Ruwan da Na Ƙi Zubarwa

Sabonjida, Tamale

Zuwa ga ɗana Isufu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, Ya sa ka sauka Tema lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aiki da wurin kwana. Uwarka tana gaishe ka, haka ƙanwarka Zainabu da matarka Rahinatu. Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, wannan uwarka za ta aiko maka ta bakin direbobi. Za ka ga da ajami na rubuta, da hannuna, layin ma duk ya karkace. Ban kai wa akawun bakin gidan waya ba, don abin da ke ciki ba na so ya bi ta kunnen kowa kafin ya iso gare ka.

Ranar da muka raka ka tasha, kana zaune kan kaya a bayan mota, na ji kana ba wani fasinja labarina. Ka ce ubanka ya tsufa a bakin tukunyar tururi bai taɓa kuskure ba, ɓarnar da aka taɓa yi ma ruɓaɓɓen ƙarfe ne Turawa suka bar mana suka tafi. Mutumin ya leƙo ya ɗaga mini hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗaga masa nawa, na dawo gida na kasa cin tuwo. Ga shi yau kai ma an ba ka tukunya, wadda aka ce ta fi tamu ta injin shinkafa girma nesa ba kusa ba, kuma da wannan labarin ka tafi a kanka. Ƙarya ce, Isufu, ni na bar ta ta girma a gidana. Mutumin da ya yarda cewa tsufan ƙarfe ne kawai ke kawo ɓarna, in aka ba shi sabon ƙarfe sai ya saki jiki. Wannan shi ne abin da nake ji maka tsoro.

Bari in fara daga inda na fara lalacewa. Kafin a sauke tutar Ingila, ni mai zuba itace ne kawai. Mai tukunya shi ne Masa Kwesi, wato Maigida Kwesi, wani Bafante gajere mai faɗa, wanda yakan ba ka alewa kana ƙarami yana ja maka kunne. Na daɗe a bayansa har na haddace motsinsa. Da safe ya busa gilashin ruwa, wato wannan bututun gilashi da ke gaban tukunya yana nuna inda ruwa ya tsaya. Ya ɗaga hannun bawul ɗin sama har ya yi fito. Ya zagaya baya ya buɗe famfon gindi, ruwa ya bi fayif ya tafi rami. Da aka sami mulkin kai, Baturen injin ya tattara ya tafi, aka kira Masa Kwesi kudu aka ba shi babban wuri, tukunya ta faɗo hannuna. Ranar da zai tafi ya tsayar da ni a gaban leburori, ya ce da Hausarsa ta kasuwa:

"Alasan, wannan tukunya shi ba ya san aboki. Abin da kai ba ka gane ba, tambaya ni yanzu. Gobe ni babu."

Cikina cike yake da tambaya. Na san abin da yake yi, amma ban san dalilin ko ɗaya ba. Sai dai ga leburori suna kallona, mutanen da jiya-jiya muke ɗaukar itace tare, tun da safe kuma sun fara ce mini Injiniya, kaina ya kumbura. Na ce, "Masa, babu komai, duk na gane." Ya dube ni ya daɗe, ya ɗauki jakarsa.

To, kai kada ka yi haka. Duk abin da aka ce ka riƙa yi wa tukunya, ka tambayi dalilinsa, ko da za a yi maka dariya, ko da wanda za ka tambaya yaro ne a kanka. Aikin da ba ka san dalilinsa ba, ranar da ya yi maka nauyi za ka ajiye shi, kuma zuciyarka za ta ba ka hujja mai kyau. Ni tawa hujjar har da lada a cikinta.

Ranin da ya biyo baya ya yi tsanani. Kai kana Salaga wurin kawunka kana karatu, ba ka gan shi ba. Dam ya ja baya har ana tafiya a cikinsa, famfon gari ya ɗauke, rijiyoyin unguwa sai laka. Mu kuwa ana kawo mana ruwa a durom a bayan mota, don shinkafa ba ta jira. Mata suka gano haka, kullum da safe sai su jeru a bakin wayar shingen injin da garwa, ko za a sami wanda zai tausaya. A gabansu nake zagayawa baya in buɗe famfon gindi, ruwa ya tafi rami yana tururi. Wata safiya wata mata daga Nyohini, da goyo a bayanta, ta kama waya ta kira ni Afa, wato malam, ta ce:

"Afa, kai kana salla kuwa? Mu tun asuba muna yawo neman ruwa, kai kana ba ƙasa ya sha."

Da na tambayi Masa Kwesi, da na ce mata, "Yi haƙuri, wannan ba ruwa ba ne, laka ce nake fitarwa, in ta zauna sai tukunyar ta kashe mu har da ke." Amma ban sani ba. A ganina almubazzaranci ne na Turawa, mutanen da ba su san ƙishirwa ba. Na fara tsallake rana. Daga nan na ce sai in babu mata a bakin waya, mata kuwa ba sa rabuwa da bakin waya. A ƙarshe na bari ɗungum. Manaja ya ga durom ya fara jimawa, ya yaba mini a gaban mutane, ya ce ga ɗan ƙasa da ya san zafin ƙasarsa. Daɗin yabon ya sa na ƙara. Na bar busa gilashi, don shi ma ɗan ruwa yake zubarwa. Bawul ɗin sama kuma, duk lokacin da ya yi fito sai in ga ruwana ne ke tashi sama a banza, na sami guntun sifirin na mota na ɗaure masa da waya a hannu, ya yi shiru. Da azahar muna salla a rumfa babu ƙara, har limaminmu ya sa mini albarka.

Ka saurare ni a nan, don sai da na ga cikin tukunyar da idona na gane. Ruwa in ya tafasa, tururi ne ke tafiya, dattinsa yana nan. Ka san ƙanzon da ke kama gindin tukunyar tuwo in ba a kankare ba. Haka yake a ciki, sai dai wannan kamar dutse yake zama. Ƙarfen da ƙanzo ya rufe ba ya samun sanyin ruwa, wuta ce ke cin sa a ɓoye har ya yi laushi. Saboda haka ka buɗe famfon gindi a lokacin da aka tsara maka, a hankali, ka rufe shi a hankali, ko da duniya ce ta taru tana zaginka. Ruwan da za ka zubar ɗin nan shi ke tsare ranka.

Gilashi kuma yana iya yin ƙarya. In laka ta toshe hanyarsa, zai nuna maka ruwa a tsakiya alhali tukunya ta kusa bushewa. Ruwan gilashi mai gaskiya ɗan rawa yake yi, sama da ƙasa. In ka gan shi ya tsaya cik, kada ka ji daɗi, ka busa shi. Duk sa'ad da ka karɓi aiki daga hannun wani ka busa da kanka, ka ga ruwan ya fita ya dawo da sauri, ko da wanda ka karɓa amininka ne, ko da zai ji haushi ya ce ba ka yarda da shi ba. In kuwa wata rana ka duba ka rasa ruwa a gilashi gaba ɗaya, kada tsoro ya sa ka tura ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi ja. Ka kashe wuta, ka kori mutane, ka kira na gaba da kai. Bawul ɗin sama kuma ba a ɗaure masa baki. Bakinsa ne kaɗai tukunya take da shi na faɗa maka ta ƙoshi. Wanda ya ce ka ɗora masa nauyi don a sami ƙarfin aiki, ko manaja ne, ka ce masa ya rubuta ya sa hannu, za ka ga ya canza magana.

Yanzu na zo kan abin da ya faru.

A cikin wannan ranin aka haifi Zainabu. Kakarka Mma Adisa, uwar uwarka, ita ke yi wa uwarka wankan jego. Kai da hannayenta a naɗe cikin mayafi ka fi saninta, amma a lokacin babu ungozoma irinta a Sabonjida. Rabin samarin unguwar nan ita ta fara wanke su, har da kai. Jariri in ya ƙi numfashi, ita ake gudu a kira. To ga jego, ga ruwa babu, itace ya yi wuya. Wata rana da hantsi ina gaban murhu aka ce ana sallama da ni. Na fito na gan ta tsaye da babban baho a ka. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa, yadda ya kamata suruki ya yi.

Ta ce, "Baban Isufu, an ce kuna da ruwan zafi nan har kuna zubarwa. Yarinyan nan bai yi wanka ba tun jiya. Taimake ni da kaɗan."

Ko a jahilcina na san abu biyu. Na san ruwan nan ba na wanka ba ne, kuma na san Masa Kwesi bai taɓa barin kowa ya tsaya a bayan tukunya yana buɗe famfo ba. Ga garwa, ga durom, ga garwashi a murhu. Da na ce ta zauna a inuwa in ɗebo ruwa in dafa mata a kan garwashi, da shi ke nan. Amma yaya zan ce wa surukata ta jira? Kuma ina so ta koma unguwa ta ce mijin 'yarta famfo kawai ya murɗa ruwan zafi ya zubo. Na ce, "To, Mma."

Muka zagaya baya. Na kwance fayif ɗin da ke kai ruwa rami don ya zuba a baho. Na ajiye bahon a ƙasa. Ya kamata in ce, "Mma, koma can bayan bango." Maganar ta zo bakina ta tsaya, don tunda na auri uwarka ban taɓa ba ta umarni ba, ko na matsawa ne. Na ce a raina ai za ta ja baya da kanta. Na kama famfo, ya ƙi motsi, laka ta cije shi tun da daɗewa. Na sa ƙarfi, ya ƙi. Kunya ta kama ni, Injiniya guda ya kasa buɗe famfo a gaban surukarsa. Na ɗauko guduma. Allurar agogon tururi a lokacin ta wuce jan layi, don bawul ɗin da zai rage yana ɗaure da sifirin. Kuma na ba ta gefe, na kawar da fuskata don ladabi, shi ya sa ban ga ta matso ba. Ta tsuguna ta tallabe bahon da hannu biyu ta kara shi a bakin famfo, kada ɗigo ya zuba a ƙasa.

Na buga. Kan famfon ya karye.

Ruwan da ke cikin tukunya mai matsi ba irin ruwan zafin murhu ba ne. Da ya sami hanya sai ya zama tururi, ya fito da ƙarfin da zai ture namiji. Ya fito da laka mai tafasa, ya ɗauke bahon ya maka shi da bango. Ban ji ta yi ihu ba, salati kawai na ji. Famfo ya karye, ba halin rufewa, ruwa yana ƙarewa a kan wuta. Na bar ta a ƙasa na ruga gaba na jawo wutar waje da ƙugiya. Leburori ne suka ɗauke ta suka kai asibiti. Jawo wutar daidai ne, da ban yi ba da injin da mutanen cikinsa sun tashi. Amma har yau in na tuna wasu ne suka ɗaga ta ba ni ba, sai in ji na tsani kaina.

Ka riƙe waɗannan, da fatar kakarka aka saye su. Ba a bugun komai a jikin tukunya tana da matsi. Ba a ɗaure noti, ba a kwance fayif, ba a gyaran yoyo sai an kashe wuta allura ta sauka ƙasa, ƙarfe ya huce. Famfon da ya cije yana faɗa maka an yi sakaci ne, ka kai rahoto. Kuma kafin ka taɓa kowane famfo, ka ɗaga kai ka dubi inda kowa yake tsaye. In babba ne a wurin, ka dube shi cikin ido ka ce ya matsa, da murya mai ƙarfi. In ya ji haushi, ka je gidansa da yamma ka durƙusa ka ba shi haƙuri.

Abin da na yi bayan haka ya fi bugun gudumar muni, don wannan da hankalina na yi shi. Kafin tukunya ta huce na hau na kwance sifirin na jefa a rami. Na mayar da fayif inda yake. Da sufeton tukwane ya zo daga kudu aka buɗe ciki, ƙanzo ya yi kauri har sai da kurfi ake sare shi. Ya tambaye ni, "Kana buɗe famfon gindi kullum?" Na ce, "Kullum, Masa." Kafin ya gama dubawa magana ta riga ta zaga gari, cewa Turawa sun san ruɓaɓɓiya ce suka bar mana don mu ji kunya, Alasan ne ya ceci injin. Lokacin kowa yana son irin wannan labari. Manaja ya so shi, don da shi ya sami sabon famfo da gyara. 'Yan unguwa sun so shi. Ni ban ƙirƙire shi ba, amma duk inda aka ba da shi ina zaune, sai in sunkuyar da kai, mutane su ce tawali'u ne.

In ka yi kuskure a bakin tukunya, ka faɗa a ranar, ga wanda ya kamata ya ji. Wanda zai karɓe ka yana shiga ne da abin da ka gaya masa. In an kore ka, ka dawo gida, akwai gona a Kanvili, ba za mu kwana da yunwa ba.

Da ka dawo daga Salaga ka fara bina wurin aiki, ka same ni ina yin komai a kan ƙa'ida. Ka sha tambayata dalilin da ya sa nake tashi in busa gilashi ko ana tsakiyar cin abinci, ni kuwa in daka maka tsawa in ce ka yi abin da ka ga ina yi. Ba tambayarka ce ta ɓata mini rai ba, amsarta nake gudu. Ka ga ke nan na mayar da kai yadda na kasance a bayan Masa Kwesi, hannu ya iya, kai bai sani ba. Kuma na san halinka, don nawa ne. Kai ma ba ka iya ce wa babba a'a. Mutane suna yaba maka da shi, ni ma na yi alfahari da shi a wurin neman aurenka. A can za ka sami foman mai furfura da zai ce ka ɗaga tururi da sauri don masaƙa na jira, alhali tukunya mai sanyi a hankali ake tashinta. Za ka sami dattijon da zai ce ku tafi jam'i ku bar ta ita kaɗai, ai minti kaɗan ne. Ka ce sai wani ya tsaya, in babu ka yi taka sallar a inda kake ganin gilashi.

Jiya bayan la'asar na je ɗakin kakarka. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, na ce, "Mma, zan rubuta wa yaron nan gaskiyar abin da ya faru a injin." Ta ce:

"Sai yanzu? Ni ai na ji guduman nan. Yaran da suka ɗauke ni ma sun faɗa mini ƙarfen da ka jefa rami."

Na ce, "Mma, me ya hana ki faɗa?"

"Ɗiya na yana jego. In sun kore ka, wa zai riƙe shi? Kuma ni na kawo baho, ba wanda ya aike ni." Sannan ta ce, "Baban Isufu, ɗaga kanka."

Na kasa. Ta sake faɗa, na ɗaga. Ta zare hannayenta daga cikin mayafi ta ɗora a kan gwiwa. Duk shekarun nan gida ɗaya muke kwana, ni nake sayo mata man shafawa, amma ban taɓa kallonsu ba, ina fakewa da kunyar surukuta.

Ta ce, "Duba da kyau. Ka rubuta masa yadda ka gani, kada ka rage."

To, ga yadda na gani. Fatar daga yatsu har gwiwar hannu fari-fari ce da ja, tana sheƙi, ta tattare. Yatsun dama guda uku sun manne da juna sun lanƙwashe cikin tafi, ba sa buɗewa. Na hagu suna motsi kaɗan, da su take cin abinci, ita da ba ta taɓa miƙa wa kowa hagu ba. Babu farce a babban yatsa. Ta ce in sanyi ya shigo suna yi mata ƙaiƙayi har cikin ƙashi, kuma ba ta iya sosawa.

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce wannan ta gama da shi tuntuni tsakaninta da Allah, abin da ke gabanta yanzu Rahinatu ce, da watanta ya kusa. Ta ce ranar da aka sauka za ta zauna kusa da baho ta riƙa faɗa wa uwarka yadda za ta yi, amma a ɗora mata jaririn a cinya ko na ɗan lokaci ne, wani ya tallafe kan, don ita ba za ta iya riƙe shi ba. Ta ce in gaya maka ka zo suna da hannayenka biyu, kai za ka tallafa mata.

Allah Ya tsare ka daga wuta da tururi, Ya tsare mutane daga hannunka. Ya ba ka bakin faɗar a'a a inda ya kamata, Ya kai ka wurin aiki lafiya Ya dawo da kai masauki lafiya, safe da yamma. In ka gama karantawa ka ga girmana ya ragu a idonka, ba ka yi laifi ba. Ka yafe mini in ka iya.

Wassalamu alaikum.

Ubanka,
Alasan